Gadon Tsohuwa a Zauren Takalma

Idan ka tambayi tsofaffin ma'aikatan reluwe na Kafanchan wane ne Malam Silvanus Kumai, za su ce maka, "Wai akawun ɗakin kaya? Mai zarto?" Da haka aka san shi. Mutum ne siriri, mai tsabta har ta yi yawa, irin wanda zai tsaya a tsakiyar hanya ya ciro hankici ya goge hancin takalminsa. Ba ya shan giya, ba ya faɗa da kowa, ranar Lahadi kuma yana sahun gaba a coci. Ya yi aikinsa lafiya, ya yi ritaya lafiya. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai har tsufansa, shi ne wurin da ya bar uwarsa tana kwana a gidansa.

A gindin duwatsun Kagoro aka haife shi. Ubansa ya mutu tun yana rarrafe, uwar ce ta riƙe shi da noman acca da gwaza, da dafa burkutu ranar kasuwa. Da 'yan mishan suka buɗe makaranta kusa da su, ita ta ja hannunsa ta kai shi, alhali ita kanta ko harafi ɗaya ba ta sani ba. A can ya koyi Turanci da lissafi, a can kuma malamin aikin hannu ya fara damƙa masa zarto. Karatun ya ba shi aiki a tashar jirgin ƙasa, inda yake auna buhunan citta da gyaɗa, amma zarton nan shi ya shiga ransa. Kada dai ka kira shi kafinta, sai ya ɓata rai, shi akawu ne. Sai dai ba ya iya ganin katako a yashe ya wuce. Akwatin kaya da ya fashe, guntun maɗaci da masu rufin kwano suka yar, duk sai ya ɗaure a bayan keke ya kai gida.

Ya auri Selina, malamar firamare, 'yar fasto, suka haifi 'yarsu Irene. A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ya gama ginin gidansa: rufin kwano, daɓen siminti da aka shafe da jan fenti, falo da kujerun kushin, ɗakinsu, ɗakin yara, da ɗakin baƙi mai gadon ƙarfe da katifa. Ɗakin baƙin nan kuwa ba na kowane baƙo ba ne. Na fastocin da ke zuwa taro ne, da manyan ofis idan jirgi ya yi musu latti. Uwarsa fa? To, nan fa ake yin ta. Da ya zauna tsara gidan, ko lungu bai ware mata ba. Ya ce wa kansa ai tsohuwa ba ta son zaman gari.

Gaskiyar magana kunyarta yake ji. Tsohuwa ce mai lofe a baki, ba ta taɓa sa takalmi ba, diddigenta duk faso. Hausarta guntu-guntu ce, idan kuma ta koma yaren gida sai a jiyo muryarta daga bakin titi. Da tsufanta aka yi mata baftisma aka sa mata Afiniki, amma in ka kira ta da sunan sai ta waiga ta ga da wa ake. Yana son ta, Allah ya sani, ba ya fashin aika mata gishiri da zane da kananzir. Ya fi dai son ta tana can.

Damina ta farko a sabon gida ita ta jawo kome. Wanda bai san ruwan Kafanchan ba bai san taɓo ba. Jar laka ce mai kama takalmi ta ƙi saki sai an kai ta tsakiyar falo. Selina ta goge daɓe da safe, ta goge da rana, ta dawo daga makaranta ta tarar da sawu har bakin kicin.

"Baban Irene," in ji ta, "ni fa bayana ya ƙage. Kai da zartonka, ba za ka yi mana wata dabara ba?"

Abin nema ya samu. Silvanus ya toshe gefen barandar gaba da katako, ya fitar da 'yar taga, ya sa ƙofa, sai ga ɗan zaure wanda dole kowa ya bi ta cikinsa kafin ya shiga falo. A ciki ya yi benci na maɗaci don mutum ya zauna ya kwance igiyar takalmi. A ƙarƙashin bencin ya yi kanta mai gida-gida ta ajiye takalma. A bango ya jera maratayan laima da rigar ruwa. A kusurwa kuma ya yi wani ɗan dandamali na sandunan katako masu tazara, inda mutum zai tsaya ya wanke ƙafa ruwan ya zurare waje. Bencin ya fito da faɗi fiye da yadda ya nufa, don allon ya yi masa kyau a ido ya kasa rage shi. Ya bi shi da samfefa har yatsunsa suka yi bororo, ya shafa masa mai har yana ƙyalli. Maƙwabta suka yi ta zuwa kallo, shi kuwa baki har kunne.

Ana cikin haka tsohuwa ta zo ganin sabon gida. Ranar kasuwa ce, ana ruwa, ta sauko daga bayan babbar mota da ƙunshin acca, taɓo har ƙauri. Silvanus ya tarye ta a zauren, ya kawo ruwa a buta ta wanke ƙafa a kan dandamalin, ya zaunar da ita a benci. Ta shafa katakon da tafin hannu. Ta dubi maratayai, ta dubi taga, ta sake shafawa.

"Wa ya yi wannan?" ta tambaye shi da yarensu.

"Ni ne, Mama."

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

Sai kawai ta ɗaga ƙafafunta ta kwanta a kai, ta miƙe. Kai ka ce da ita aka auna shi. Hawaye suka zubo mata.

"Ashe ka tuna da ni," in ji ta. "Ga gado, ga inda zan rataye kayana, ga wurin wanke ƙafa, ga taga in riƙa ganin masu wucewa. Kuma a bakin ƙofa ka sa ni, yadda ɗakin kakanka yake, kowa sai ya gaishe ni kafin ya shiga. Da suna cewa wanda ya yi karatu mantawa yake yi. Bari in koma su ji."

Silvanus ya buɗe baki. Magana kaɗan ta ishe shi: Mama, nan wurin takalma ne, taso mu shiga ciki. Amma idonsa ya faɗa kan kujerun kushin ta ƙofar falo, ya dawo kan lofen da ke soke a zanenta, sai ya ji wani sanyi ya sauka a ransa, sanyin mutumin da aka sauke wa kaya. Wannan sanyin shi ya fi ba shi kunya daga baya, fiye da kome.

"Allah ya sa ya yi miki daɗi, Mama," in ji shi.

Selina tana tsaye a ƙofar falo da tiren shayi, duk ta ji. Ta bari sai da suka keɓe.

"Baban Irene, me ka yi ke nan?"

"Kin ga yadda take murna. Gobe zan gaya mata."

Goben nan dai ba ta zo ba, aka yi ta juya shekaru. Tsohuwar da a da sai a ci shekara ba ta leƙo Kafanchan ba, yanzu wata ba ya ƙarewa ba a gan ta ba. Ai tana da ɗaki. Ta zuba tabarta da kanwarta da 'yar ƙwaryarta a gidajen kantar, gefe da gefe da takalman mutane. Takalman ba su dame ta ba ko kaɗan. A ganinta girmamawa ce, baƙi suna cire takalmi a ɗakinta. Har ta ɗora wa kanta aiki: duk wanda ya shigo sai ta sauka daga gadon ta ba shi wuri ya zauna, ta karɓi takalminsa ta kankare taɓon da ɗan tsinke, ta goge, ta ajiye. A ƙauye kuwa babu wanda bai ji labarin gadon ba, daga masu zuwa rafi har masu shan burkutu.

Idan tana gari, Silvanus ta ƙofar baya yake fita zuwa aiki. Kuma ka san abin da yake yi in kunya ta ciyo shi? Sai ya ɗauki guduma ya ƙara wani abu a zauren. Ya yi wa tagar murfi saboda feshin ruwa. Ya kafa wa bencin jingina. Ya yi ɗan akwati mai murfi don tabarta ta rabu da takalma. Ya toshe ƙasan ƙofa saboda iska. Duk abin da ya ƙara sai tsohuwa ta sa masa albarka, ta kira Selina ta zo ta gani. Selina ta zo ta gani, ta ce ya yi kyau, ta koma kicin tana tsaki a ciki. Ita kam ta sha cewa, "Mama, ki shigo falo ki zauna mana." Tsohuwa ta ce a'a, ita me ya kai ta kujerar da mutum ke nutsewa a ciki, ga ɗakinta. Da baƙo ya kwana a ɗakin baƙi, da ɗakin ya kwana a kulle, ita dai tana kan maɗacinta.

"Kowace ƙusa ka buga, ƙara kafe ta kake yi a wurin," Selina ta ce masa wata rana. Shi kuwa ya ci gaba da goge zartonsa.

Ranar da abin ya fashe Lahadi ce. An kawo musu sabon shugaba a ɗakin kaya, Malam Rufus, dattijo mai sanyin magana, Silvanus ya gayyace shi cin abincin rana da matarsa bayan sujada. Ana yayyafi suka iso. Tsohuwa ta sauko daga gadonta kamar kullum, ta ba su wuri, ta tsuguna ta karɓi takalmin Malam Rufus ta hau gogewa da bakin zanenta. Malam Rufus ya dubi zauren ya yaba, ya dube ta ya ƙara yabawa.

"Kai, Malam Silvanus, ka yi dace. Ina ka samo wannan tsohuwa mai ƙwazo? Madam ta daɗe tana neman irinta, 'yan aikin yanzu ba sa zama."

Silvanus ya yi dariya. Dariya fa ya yi! Irin ta yaƙe ɗin nan, wadda mutum ke yi don magana ta wuce. Bai ce 'yar aiki ce ba, bai kuma ce uwarsa ce ba.

Tsohuwa ta ɗago kai da takalmin a hannunta, fuskarta cike da alfahari, ta tattaro 'yar Hausarta.

"Ni na haifi shi," in ji ta. "Yaro na ne. Wannan ɗaki na, shi ya yi mini da hannu."

Malam Rufus ya cire hularsa, ya durƙusa har ƙasa, dattijo da shi.

"Mama, ki gafarce ni, ban sani ba."

Ya karɓi takalminsa daga hannunta da hannu biyu, ya buɗe ƙofa ya ajiye shi waje cikin yayyafi. Matarsa ma ta ɗauki nata ta yi haka. Aka shiga aka ci shinkafa da kaza, cokali kawai ke magana. Silvanus yana tura abinci amma bai san me yake ci ba, ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. A ofis kuma Malam Rufus bai taɓa tayar da zancen ba, ko da wasa. Da ya zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

Washegari da rana tsohuwa ta tafi kasuwa sayen taba. Silvanus ya baro ofis tun lokacin tashi bai yi ba, ya jingina keke, ya ɗauko guduma da ƙarfen zare ƙusa, ya faɗa wa bencin. Selina ta dawo daga makaranta ta tarar jinginar tana ƙasa, allon ya rabu da ƙafafunsa.

"Baban Irene! Ka gaya mata tukuna!"

"In babu gadon dole ta shiga ciki."

"Haba! Ka zaunar da ita ka faɗa mata gaskiya, ka roƙe ta gafara. Uwarka ce, za ta yi kuka ta yafe maka."

"In ce mata me? In ce mata shekarun nan duk a wurin takalma take kwana?"

"To, ba a nan take kwana ba? Ita kake gyara wa, ko fuskarka?"

Ya ci gaba da zare ƙusa. Kafin tsohuwa ta dawo zauren ya zama fili, katakai a tare a gefe, tabarta da ƙwaryarta an kai su ɗakin baƙi. Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallon inda gadon yake a da. Silvanus ya fito yana murmushi da ƙurar katako a gashinsa, ya kama hannunta, ya ratsa da ita falo, ya buɗe ɗakin baƙi. Ga gadon ƙarfe, ga katifa, ga sabon zanen gado, ga labule.

"Mama, ga ɗakinki daga yau. Wannan ya fi."

Ta taɓa ƙarfen gadon da yatsa.

"Wa ya yi wannan?"

"A kanti aka saya, Mama. Irin na manya ne."

"To," in ji ta.

Da safe Selina ta kai mata kunu ta tarar katifa yadda aka gyara ta, tsohuwa a ƙasa ta shimfiɗa zanenta a kan siminti. Ta sha kunun, ta ɗaure ƙunshinta, ta ce acca na jiran ta. Silvanus ya raka ta tashar mota yana ta zuba zance, ita tana cewa to, to.

Nan ya gane ya yi ɓarna. Ya tattara katakan ya sake haɗa bencin, har ya fi na da kyau, sai dai tabon tsofaffin ƙusoshi da ya ƙi ɓoyuwa. Ya hau keke ya tafi ƙauye da niyyar faɗa mata kome. Duk hanya yana shirya maganar. Da ya same ta a gindin rumbu tana shiƙa, ta yi masa maraba ta kawo masa ruwa, sai maganar ta maƙale. Abin da ya iya fitarwa kawai shi ne, "Mama, na gyara gadon, ki zo." Ta ce sai bayan girbi. Bayan girbi ta ce sai sanyi ya wuce. Kafin ruwan fari ya sauka ciwon ƙirji ya kwantar da ita, ba ta tashi ba.

Jana'izar tsohuwa a wurinsu ba zaman makoki kaɗai ba ne. An yi sujada, Zumuntar Mata sun yi waƙoƙi, bayan an rufe ta kuma aka fito da ganguna. Mutanen tasha sun cika mota sun zo, har da Malam Rufus, aka jera musu kujeru a inuwar ɗorawa kusa da Selina.

Ana cikin kiɗa sai wata tsohuwa ta ratso fili tana dogara sanda. Mama Lucia ce, ƙawar marigayiya tun suna 'yan mata. Ta ɗaga hannu aka tsayar da ganga. Ta kamo Silvanus ta jawo shi tsakiya, ta yar da sandar, ta ɗaga hannayensa biyu sama yadda kowa zai gani. Tana magana da yare, wani malamin coci yana juya wa baƙin gari da Hausa.

"Ku dubi hannun nan. Ku da kuka tura 'ya'ya makaranta, ku duba da kyau. Wannan babban akawu ne a Kafanchan, amma bai aika an saya ba, bai sa kafinta ba. Da hannun nan ya yi wa uwarsa ɗaki a bakin ƙofarsa, ya yi mata gado mai santsi, ya sa manyan mutane suna cire takalmi a gabanta. Wa ya taɓa yi wa uwarsa haka a garin nan?"

Guɗa ta tashi ta ko'ina. Tsofaffi suka yi ta matsowa suna taɓa tafin hannunsa suna shafawa a fuska. Wani dattijo ya nuna wa 'ya'yansa shi da baki. Silvanus yana tsaye hannu a sama, gumi na bin bayansa. Selina ta sa fuskarta cikin ɗankwali. Malam Rufus kuwa ƙasa yake kallo.

Da ganga ta dawo, Mama Lucia ta sauke hannayen amma ba ta sake su ba. Ta jawo kansa kusa da bakinta.

"Akwai saƙonta," in ji ta ƙasa-ƙasa. "Ni kaɗai ta gaya wa ka fasa gadon, ba ta so mutane su ji. Ta ce kada in yi maka zancen sai an rufe ta, don kada ka ji nauyi. Ta ce ta yi tunani ta yi tunani, ba ta gano laifin da ta yi maka ba. Ko Hausarta ce ta ba ka kunya gaban baƙonka, ko tabarta ce. Ta ce ko mene ne, ka yafe mata."

Ta zuba masa ido tana jira. Saƙo ne aka ba ta, ba za ta tafi ba amsa ba. Ga kabarin can, ƙasarsa ko bushewa ba ta yi ba, ga tsohuwa riƙe da hannayensa, ga gari duk yana rawa saboda shi. Ko yanzu ma yana iya faɗa.

"Na yafe mata," in ji shi.

Mama Lucia ta gyaɗa kai, hankalinta ya kwanta. Ta sake shi, ta sunkuya ta ɗauki sandarta, ta koma cikin masu rawa.